Babi na Bakwai: Koya wa Suwic Ya Gane Murya

Darasi na 1: Abin da muke nema

'Yan'uwa, barkanku da sake zama. Kowa ya matso kusa da kwamfutarsa. Wanda babin baya ya ba shi wuya kada ya damu, a hankali za mu tafi.

Duk abin da ke bi ta waya zuwa suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci da tarho wuri ɗaya, a gutsuttsure yake tafiya, kowane gutsure sunansa fakiti. Muryar mai kiran waya fakiti ce, hoton da wani ke saukewa ma fakiti ne. Idan hanya ta cushe, suwic bai san wane ne wane ba, sai ya jera su a layi ɗaya. Hoto zai iya jira, ba mai lura. Murya ba ta jira: in ta makara fiye da milisakan 150, masu magana sai su fara katse juna. Aikinmu yau shi ne mu koya wa suwic ya gane fakitin murya tun daga bakin ƙofa, wato ramin da ake soka waya a jikin suwic. Ba shi gaban layi kuma sai babi na gaba.

Darasi na 2: Lambar da ke jikin fakiti

Kowane fakiti yana da gurbin lamba a kansa, kamar hatimi a kan ambulan. Sunan gurbin DSCP, yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 63. Ba sai kun haddace su duka ba. Biyu kawai: 0 na kowa da kowa ne, 46 na murya ne. A suwic za ku ga ana rubuta 46 da haruffa biyu, ef. Abu ɗaya ne.

Akwai wata lamba kuma, CoS, daga 0 zuwa 7, murya tana ɗaukar 5. Ita wannan ba ta tsallake rauta, wato na'urar da ke haɗa wata hanyar sadarwa da wata, shi ya sa muka riƙe DSCP.

Darasi na 3: Matakai uku

Ku rubuta enable, ku danna Enter. Sannan configure terminal, ku sake danna Enter. Bayan kowane layi sai an danna Enter. Ku duba allo: in kun ga kalmar config, kun shiga. Umarnin nan na suwic ɗin Cisco ne.

Mataki na farko, rukuni:

class-map match-any MURYA
match dscp ef
exit

MURYA suna ne da muka raɗa da kanmu. Da manyan baƙaƙe muka rubuta shi, to haka za mu rubuta shi ko'ina. A wurin suwic, MURYA daban, Murya daban. Wasu tsofaffin suwic suna son match ip dscp ef, in naku ya ƙi na farko ku gwada wannan.

Mataki na biyu, doka:

policy-map SHIGA
class MURYA
set dscp ef
exit
class class-default
set dscp default
exit
exit

Ma'anarsa: murya ta riƙe 46 ɗinta, duk sauran a mayar da su 0.

Yanzu ku ɗaga hannu daga madannai ku saurare ni, don nan ne ake faɗuwa. Kun rubuta doka, amma ba ta aiki tukuna. Tana zaune cikin suwic kamar takardar da aka rubuta aka rufe a akwati. Sai an ɗaura ta a kan ƙofar da wayar tarho ke shiga.

Mataki na uku, ɗaurawa:

interface GigabitEthernet1/0/5
service-policy input SHIGA
end

Lambar 1/0/5 misali ce. Ku tashi ku duba ƙofar da kuka soka wayar, lambarta tana rubuce a jikin suwic, ita za ku sa. Kalmar input tana nufin abin da ke shigowa ta wannan ƙofa. Kuma SHIGA ake sawa a nan, sunan doka, ba MURYA ba.

Mu maimaita. Shiga ƙofa da interface. Ɗaura doka da service-policy. Ku faɗa da baki: shiga ƙofa, ɗaura doka. Madalla. Wanda ya manta a karon farko ba laifi, suwic ba ya gargaɗi, shiru yake yi ya bar ku kuna zaton kun gama.

Amma a zaman da ya wuce sau huɗu na faɗi wannan, na zagaya na tarar da rabin aji sun tsaya a mataki na biyu sun naɗe hannu. Haba jama'a! Ku manya ne, ba na son in riƙa bin ku kujera kujera. Layi ɗaya ne fa. Ƙofa goma ke da tarho? Sau goma za ku ɗaura. Ku ɗauki biro ku ja layi a ƙarƙashin service-policy a littafinku yanzu, ina kallo.

Darasi na 4: Dubawa da adanawa

show policy-map interface GigabitEthernet1/0/5

A yi kira, a sake duba. In lambar da ke ƙarƙashin MURYA tana ƙaruwa, kun yi daidai. In allo bai nuna komai ba, ba ku ɗaura doka ba, ku koma mataki na uku.

Sai adanawa, don kada aikin ya tafi in wuta ta ɗauke:

copy running-config startup-config

Darasi na 5: Bidiyo

Lambarsa 34, ana rubuta ta af41. Ku yi masa rukuni kamar na murya, ku ƙara shi cikin SHIGA, ku kawo mini a zama mai zuwa.