Yadda za ka riƙe mota mai turbo a Sakkwato ba tare da ta kwana a gareji ba

Motocin gudu irin su BMW 335i, Golf GTI da Mercedes C43 suna jure zirga-zirgar yau da kullum, daga gida zuwa ofis zuwa kasuwa. Abin da ke kayar da su a Sakkwato abu uku ne: zafi, ƙura da man fetur. Dukansu kuwa a kan turbo suke taruwa, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin injin don ƙara masa ƙarfi.

Hayaƙin da injin ke fitarwa shi ke juya turbo, fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma zafin hayaƙin kan kai digiri 900. Sandar da ke tsakiyar turbo a kan baƙin man injin take shawagi, shi ke sa ta santsi, shi ke rage mata zafi. Da zarar man ya lalace, turbo ne zai fara ji a jikinsa.

Don haka fara da baƙin mai. Sayi na sintetik zalla, 5W-40, ka duba lambar amincewa a bayan galan: LL-01 ga BMW, 229.5 ga Mercedes, 502 00 ga Volkswagen. Littafin motar na iya cewa kilomita 15,000, amma wannan lissafin Turai ne. A nan, juye shi tsakanin kilomita 5,000 zuwa 7,000, tare da sabuwar matatar mai. Injin 335i na shan lita 6.5, kuma ba shi da sandar auna mai, a allon gaban direba ake dubawa. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, sai ka tsaya a buɗe galan a gabanka.

Da safe ba ka buƙatar barin mota tana ta aiki a tsaye. Rabin minti ya isa, sannan ka tafi a hankali, kada allurar juyin injin ta wuce 3,000 har tsawon minti 10 zuwa 15, domin ruwan injin na riga baƙin mai ɗumama. In ka dawo daga Gusau ko Birnin Kebbi da gudu, sassauta totur a kilomitocin ƙarshe, ka bar injin minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe. Kashewa nan take na barin mai tsaye cikin turbo mai zafi, ya ƙone ya zama gawayi, ya toshe siririn bututun da ke kawo man. In ka ji wani abu na ƙugi bayan ka kashe mota, ƙaramin famfon lantarki ne ke zagaya ruwa. Aikinsa ke nan, kada a cire masa waya.

Fetur kuwa matsala ce da ba ta da cikakken magani. Yawancin waɗannan injina suna son fetur mai lambar oktan (ma'aunin jure matsi ba tare da kamawa da wuta ba) 95 zuwa 98, ma'aunin na Najeriya kuwa 91 ne. Mai ƙaramar lamba kan kama da wuta kafin fulogi ya kunna shi, ya bugi fistin ba a kan lokaci ba. Kwamfutar motar na jin bugun, sai ta rage ƙarfi don ta kare injin, amma kariyar tana da iyaka. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, iskar da ke shiga injin ma da zafinta, bugun sai ya ƙaru. Kada ka danne totur a babbar giya alhali injin na juyi ƙasa-ƙasa. Sauko da giya tukuna. Masu cewa za su taɓa kwamfuta su ƙara wa motar ƙarfi, ka ba su haƙuri: da man da muke sha, hanyar fasa fistin ce. Man jarka na bakin titi ma haka, ruwa ko datti kaɗan ya isa ya kashe famfon mai. Na 335i dama can rarrauna ne, har BMW ta janye motoci kusan 130,000 a Amurka a 2010 saboda shi.

Akwai ɗabi'ar cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin ruwan injin, wai don kada mota ta yi zafi. A kan waɗannan motoci ɓarna ce, domin kwamfuta da wani ma'aunin zafi take lissafin mai. Lagireto kuma ba a zuba masa ruwan rijiya ko na burtsatse. Gishirin cikinsa na toshe ramuka. Ruwan sanyaya injin na asali za ka gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa. Riƙa leƙa ƙarƙashin mota da safe, musamman GTI, wadda aka sani da yoyo a gidan famfon ruwa na roba.

Da hunturu, duba matatar iska duk wata. Busa ta da iska mai ƙarfi na yaga takardar, ƙura ta wuce ta cinye fikafikan turbo. Canza ta ya fi sauƙi. A wanke gaban lagireto da intakula (mai sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin injin) da ruwa marar ƙarfi.

Gajerun tafiye-tafiye cikin gari suna tara fetur cikin baƙin mai, don haka sau ɗaya a mako ka ba motar rabin sa'a a buɗaɗɗiyar hanya. Siraran tayoyinta ba sa yafe rami, tudun rage gudu kuma a karkace ake hawansa. Giyar DSG (giyar otomatik ta Volkswagen) mai jiƙe da mai tana son sabon mai duk kilomita 60,000.

Shuɗin hayaƙi a salansa, kuka kamar jiniya in ka taka totur, ko raguwar mai ba tare da yoyo ba, alamu ne turbo ya fara gajiya. A sa motar a kwamfuta kafin a kwance komai. In har canji ya kama, a sauya bututun da ke kai masa mai tare da shi, a zuba ɗan mai cikin sabon kafin a tayar. Tsohon bututu mai gawayi zai kashe sabon turbo kamar yadda ya kashe na farko.