Yadda Ake Haɗa Injin Lantarki da Wutar da Ta Dace da Shi

Abin da ke juya fanka, da sumo na rijiyar burtsatse, da injin markaɗe mai amfani da wuta, duk abu ɗaya ne, wanda masu gyara ke kira mota. A cikinsa akwai wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe, wato koyil, wadda idan wuta ta ratsa ta sai ta zama maganaɗisu ta juya sandar da ke tsakiya. Tun daga fankar ɗaki har zuwa manyan injinan masana'antar siminti ta Ashaka, ka'idar ke nan. Saboda haka duk wanda zai sayi irin wannan inji a Gombe, ya kamata ya fara tantance wutar da zai ba shi kafin ya shiga ciniki.

Matakin farko shi ne karanta ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikin injin. Wutar gidajenmu mai layi ɗaya ce, kimanin bolt 230, kuma ita ce ta dace da ƙananan injina. Manyan injinan niƙa da na casar shinkafa kuwa galibi wuta mai layi uku suke buƙata, kimanin bolt 400. A kan allon ne kuma ake rubuta ƙarfin injin da ma'aunin doki, inda doki ɗaya yake daidai da wat 746. Yana da kyau mai saye ya ɗaga injin ya ji nauyinsa, domin wanda aka naɗa da wayar alminiyam ya fi na jan ƙarfe sauƙin ɗauka da araha, amma a ganina arahar ba ta kai wahalar gyaransa ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen tashin inji. A daƙiƙun farko, kafin sandar ta kama gudu, injin yakan ja wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ci idan ya daidaita. Wannan ne ya sa idan aka kunna sumo sai ka ga ƙwan fitilar tsakar gida ya dusashe, janareta ya yi nishi kamar zai mutu, sannan ya farfaɗo. Don haka kada a auna janareta da lambar da ke kan allo kawai. A nemi wanda ƙarfinsa ya ninka na injin sau 2 zuwa 3, kuma a tayar da injin tukuna kafin a kunna sauran kayan gida. Idan inji mai layi ɗaya yana gurnani amma ya ƙi juyawa sai an tura shi da hannu, a kashe shi nan take a duba kafasita, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa injin tashi, domin sau da yawa ita ce ta mutu, kuma canza ta ya fi sake naɗin koyil sauƙi nesa ba kusa ba.

Raunin wuta ma yana kashe inji, musamman da yamma lokacin da kaya suka yi wa taransifomar unguwa yawa. Idan bolt ya sauka, injin yakan ƙara jan wuta don ya riƙe aikinsa, koyil ya yi zafi, har a fara jin ƙaurin ƙuna. Haka nan idan layi ɗaya ya ɗauke daga cikin uku alhali inji yana aiki. Maganin duka biyun shi ne a sa ƙwararren mai aikin wuta ya ɗaura na'urar kariya mai yanke wuta da kanta, ya kuma haɗa wayar ƙasa, wadda ita aikinta kare mutane ne daga jan wuta.

Masu noman rani a yankin Dadin Kowa da masu burtsatse a bayan gari suna iya komawa sola. Akwai famfunan da aka ƙera don karɓar wutar faifan sola ta hannun ɗan akwatin sarrafawa, ba tare da batir ba, sai dai su cika tanki da rana. Sumo na gama-gari kuwa sai da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar sola irin ta gida, mai ƙarfin ɗaukar nauyin tashinsa.

A ranar da aka fara haɗa inji mai layi uku, a kunna shi na ɗan lokaci a duba inda yake juyawa. Idan baya yake yi, a kashe wutar daga tushe, a sauya wuraren wayoyi biyu daga cikin ukun, sai ya juya daidai.