Yadda Ake Shirya Tafiya a Jirgin Ƙasan TAZARA

Layin dogon TAZARA, wanda ƙasar Sin ta taimaka aka kammala shi a 1975, ya tashi daga Dar es Salaam a Tanzaniya zuwa Kapiri Mposhi a Zambiya, tazarar kilomita 1,860. Matafiyi ya sayi tikiti tun da sauran kwanaki, kuma gara ya nemi ɗakin kwana mai gado huɗu, domin tafiyar tana cin kusan kwana biyu, ga shi jirgin yakan makara ƙwarai. Ya tanadi ruwan sha, guzuri da bargo, saboda sanyin tsaunukan Mbeya ba wasa ba ne. Fasfonsa ya kasance a kusa kafin iyakar Tunduma, inda shilin, kuɗin Tanzaniya, ke ba wa kwacha, kuɗin Zambiya, wuri.