Kafin ka sayi babban babur na hannu da ya ci kilomita da yawa

'Yan uwa, wannan maganar ta masu son manyan baburan tafiya mai nisa ce, irin su Honda Gold Wing, BMW R1200GS, Yamaha FJR1300 ko Suzuki V-Strom, waɗanda ake shigowa da su na hannu daga Turai da Amurka. Yanzu ba a birni kaɗai ake sha'awarsu ba, zaka ga saurayi a Ringim ko Gumel ko Ɗambatta ya sayar da amfanin gona ya haɗa da kuɗin bijimi ɗaya yana cigiyar wanda zai hau ya je Maiduguri ko Abuja ya dawo. Tambayar da kowa ke yi kuma ɗaya ce, mitar ƙirga tafiya ta nuna dubu tamanin ko dubu ɗari, in saya ko in bari?

Ni dai a ganina lambar mita ita ce abu na ƙarshe da ya kamata ya tsorata ka. Waɗannan baburan don doguwar hanya aka ƙera su, injinsu babba ne, ba ya wahala a kan kwalta kamar yadda Boxer ko Jincheng ke wahala in an ɗora mata buhu biyu da mutum uku. Gold Wing tun 1975 Honda ke yin ta, ta 2001 zuwa sama silinda shida gare ta, kuma in an kula da ita kilomita dubu ɗari ba tsufa ba ne a wajenta. Wanda ya yi dubu ɗari a babbar hanya ana canza masa baƙin mai a kan lokaci ya fi wanda ya yi dubu ashirin sannan aka jingine shi shekara huɗu a gareji, don ajiya tana cinye robobi, tana sa tanki tsatsa, man da ya kwana a ciki ya daskare ya toshe komai.

Amma ka fara duba ko mitar da mil take ƙirga ko da kilomita. Na Amurka da Ingila da mil suke, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne, kaga wanda ya nuna 60,000 ya kusa kilomita 97,000 kenan. Sannan mita ana iya taɓa ta ko a canza ta gaba ɗaya, don haka ka tambayi jikin babur ɗin. Duba robar wajen ɗora ƙafa, robar hannu, ramin makulli, ka sa farce a bakin faifan birki ka ji ko ya yi gaɓa. In mita ta ce dubu goma sha biyar amma duk waɗannan sun siɗe, toh an yi maka kwaskwarima.

Ranar da zaka je gani ka gaya wa dillali kar a tayar da shi kafin ka zo, kuma ka je da sassafe. Kana isa ka ɗora hannu a kan injin, in da ɗumi to an riga ka, ka ce zaka dawo gobe. Wannan ba rashin yarda ba ne, inji mai sanyi shi ke faɗin gaskiya. Kafin a murza makulli ka duba baƙin mai, in ya yi kalar shayi mai madara ruwa na shiga cikinsa kuma aikin babba ne, ka haƙura kawai. Buɗe murfin lagireto ka ga ruwan, kar ya zama jan tsatsa ko mai yana yawo a kai. Leƙa cikin tanki da tocila. Sai a tayar, kai kuma ka tsaya ta bayan salansa. Ɗan farin tururi da safe lokacin sanyi ba komai ba ne in ya ɗauke bayan minti kaɗan, amma shuɗin hayaƙi alamar yana shan baƙin mai ne, ko ringi ko robobin bawul, farin da ya ƙi ɗaukewa kuma gasket ɗin kan inji ne ya lalace. Ka saurari ƙarar, 'yar ƙas-ƙas ta sama yawanci saitin bawul ne ana gyarawa, amma bugu mai nauyi daga ƙasan inji wanda ke ƙaruwa in an ja wuta, wallahi ko a rabin kuɗi aka bar maka kar ka karɓa.

Caji kuma mutane na raina shi alhali shi ya fi ajiye mutum a daji. Ka ari 'yar mitar auna wuta wajen mai gyaran batir ko mai sola, batir lafiyayye yana nuna kusan 12.6 in babur a kashe yake, in an tayar an ɗan ja wuta ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba kwayil ko abin daidaita caji ya tafi, kuma a tsofaffin Gold Wing sai an sauke inji kafin a kai ga kwayil ɗin, ba irin na Boxer ba ne da za a canza maka a bakin tasha kana shan fura.

Daga nan ka ɗora shi a kan jaki na tsakiya. Juya kan babur hagu da dama a hankali tayar gaba na sama, in ka ji yana sarƙewa a tsakiya boris ɗin wuya ya ci. Shafa ƙarfen shokan gaba, in hannunka ya taɓo mai robar da ke tare man ta mutu. In mai sarƙa ne kamar V-Strom ka ja sarƙar daga bayan sufuroket, in ta ɗago har kana ganin rabin haƙori, ko haƙoran sun lanƙwashe sun yi tsini, ka sa kuɗin sabon saiti a lissafi. Gold Wing da FJR da BMW kuwa ba su da sarƙa, shaf ne ke juya tayar baya, abin daɗi ne a ƙurar hunturu don ba ruwanka da wanke sarƙa, amma ka kama tayar bayan da hannu biyu ka girgiza ta gefe da gefe, kar ta motsa ko kaɗan, kuma kar ka ga mai yana tsatsafowa a wajen. A BMW musamman an san wannan wurin da ba da matsala in tafiya ta yi nisa. Taya ma kar zanenta ya ruɗe ka, akwai lamba huɗu a gefe, misali 2318 na nufin sati na 23 a shekarar 2018 aka yi ta, in ta wuce shekara biyar ko shida ta bushe ko da zanen na nan, kuma zafin kwaltar watan Afrilu ba ya raga wa busasshiyar taya. Sai ka hau ka yi tafiya ta gaske har inji ya yi zafi fanka ta tashi, ka shiga kowace giya, ka ja wuta da ƙarfi a babbar giya ka ji ko kuloci na sulɓewa, ka ga fitilar ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, ta mutu bayan an fara tafiya.

Yanzu ga inda nake so mu fi tsayawa, don duk abin da na faɗa a sama ɗan Jamus ma haka zai duba, amma shi ba a Jigawa zai hau ba. Babur ɗin da ake yabo da aminci a can yana da shagon kayan gyara kusa da shi da bakaniken da ya san shi. Kai fa? Kafin ka biya ka samo mutumin da zai riƙa gyara maka, ka je da shi wajen gani ka biya shi kuɗin ranarsa, kuma ka tambaye shi tsakani da Allah ko ya taɓa buɗe irinsa. Ka shiga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano ka tambayi filtar mai, filtar iska, takalmin birki da taya na wannan samfurin, in kowa ya ce sai an yi oda daga Legas ko waje to ka san duk ranar da ya tsaya sati nawa zaka yi a ƙasa. Wannan ya sa ni na fi karkata ga na Japan masu sauƙin wayoyi a kan wanda komai nasa sai an jona kwamfuta.

Ga maganar mai. Yawancin na bayan 2000 ba kafireto gare su ba, famfo ne a cikin tanki da injekta, kuma ba sa jure man 'yan bumburutu mai ruwa da datti, mu kuwa a ƙauye sau da yawa shi ne a kusa. Sai ka saba da cika tanki a gidan mai na ƙwarai. Kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take, irin waɗannan manyan suna shan ninki biyu ko fiye na abin da Boxer ke sha.

Ga hanya kuma. A titin Kano zuwa Maiduguri ta Wudil da Shuwarin da Azare, Gold Wing sarauniya ce. Amma nauyinta ya haura kilo 350 kuma cikinta kusa da ƙasa yake, in gidanku sai an sauka daga kwalta an yi tafiya a burji ko yashi irin na wajen Maigatari da Babura, ko damina ta yanke hanya a fadamar Haɗeja, ranar da ta kwanta mutum ɗaya ba zai ɗaga ta ba. Mai irin wannan hanya V-Strom 650 ko tsohuwar Honda Transalp ta fi masa, sun fi tsayi, sun fi sauƙin nauyi.

Takardu kar ka yi wasa da su ko da mai sayarwar ɗan garinku ne. Takardar kwastan, rasit, takardun lamba, sannan ka gwada lambar jiki mai harafi da lamba 17 da ke wuyan babur da wadda ke takarda, ka duba ta inji ma, in ka ga alamar an goge an sake bugawa ka tashi. A rubuta yarjejeniya da shaidu, in a ƙauye ne a sanar da mai unguwa, a kuma yanke la'adar dillali tun kafin ciniki ya faɗa.

In ka saya, kar ka kama doguwar hanya a satin farko. Ka zubar da duk wani mai da ruwa da ke jikinsa ka zuba sabo, baƙin mai, man birki, ruwan lagireto, man shaf, ka canza filtoci da fulogi, in tsohuwar Gold Wing ce ta kafin 2001 ko Honda ST1100 a canza bel ɗin tayimin, wato bel ɗin inji da ke sarrafa bawul, don in ya tsinke inji yake tafiya da shi. Saboda wannan aikin ne nake cewa kar ka zuba duk kuɗinka a ciniki, ka rage kamar kashi ɗaya cikin biyar a aljihu, ka haɗa har da hular kwano mai kyau a ciki.