Babi na Shida: Yadda Ake Lallaɓa Ƙodar da Ta Gaji

'Yan uwa, sannunku da ƙoƙari. Wannan babi na wanda likita ya gaya masa cewa ƙodarsa ta yi rauni sosai ne, da kuma wanda ke jinyar irin wannan mutum a gida. A karanta a hankali. In layi ya yi wuya a koma a sake, ba tsere muke yi ba.

Darasi na 1: Lambar da ke kan takardarka

Ƙoda biyu ce a jikin mutum. Suna ta baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu, kowacce kamar girman dunƙulen hannunka. Aikinsu tace jini dare da rana. Dattin da ke cikin jini su fitar da shi ya zama fitsari, abin amfani su mayar da shi jiki. Mata, kun san matacin koko in ya tsufa ya fara hujewa, abin da bai kamata ya wuce ba sai ya wuce. Haka ƙoda take in ta lalace, shi ya sa wasu ke ganin fitsarinsu yana kumfa kamar an kaɗa sabulu.

Zan gaya muku gaskiya tun daga nan. Ƙodar da ta daɗe tana lalacewa ba ta komawa sabuwa. Duk wanda ya ce yana da jiƙon da zai wanke ta tas, kuɗinka yake so. Abin da ke hannunmu, da yardar Allah, shi ne mu rage mata gudu, mu jinkirta ranar da za a ce sai wankin ƙoda. Wankin nan yawanci sau 3 ake yi a mako, kowane zama wajen awa 4, kuma duk wanda ya taɓa raka ɗan uwa ya san abin da yake yi wa aljihu da gona. Shekara ɗaya da aka jinkirta ba ƙaramin rabo ba ne.

Yanzu ɗauko takardar gwajin jininka. Nemi haruffa huɗu a jere: ƙaramin e, sai manyan G, F, R. Haka suke: eGFR. Ɗora yatsa a kai, ka ja shi zuwa dama har ka tarar da lamba. Wannan lamba ita ke nuna ƙarfin da ya rage wa ƙoda. Ta mai lafiya 90 ce ko fiye. Daga 29 zuwa 15 shi ne likitoci ke kira mataki na huɗu. Ƙasa da 15 mataki na biyar. Wato lambar sauka take yi in ciwo ya ƙaru. Sayi ƙaramin littafi, ka rubuta ranar gwaji a hagu, lambar a dama, duk lokacin da aka yi.

Darasi na 2: Karanta suna kafin ka haɗiye

A nan zan daɗe, domin a nan kowa ke tuntuɓe. Akwai magungunan ciwon jiki da ake sayarwa a kemis da kan tiren 'yan talla, suna kashe ciwo nan take, amma suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Mai lafiya zai iya sha ya wuce. Mai ƙodar da ta gaji, 'yan kwanaki kan ishe su su kwantar da shi. Ga sunayensu yadda suke a jikin kwali:

DICLOFENAC
IBUPROFEN
PIROXICAM
NAPROXEN

Kada sunayen su ba ka tsoro. Na san abin da ke ruɗa ku. Mun koya cewa harafin c shi ne na ciki da cokali, to a DICLOFENAC ba haka ba ne, kamar k ake faɗinsa: diklofenak. Harafin p kuma ba mu da shi a Hausa, ka faɗe shi kusa da f, ba laifi. Wancan mai kama da sanduna biyu a gicciye, x, ka faɗe shi kamar ks. Ko ba ka iya faɗa ba, idonka ya gane siffarsa ya wadatar. Kwafe sunayen huɗu a bangon littafinka, da manyan baƙaƙe, ka ja musu jan layi.

To ga matakin. Kwali yana da suna biyu. Babban suna mai ado na kamfani ne, ba shi muke nema ba. Duba ƙasa da shi, akwai ƙaramin rubutu. Shi ne sunan maganin na gaskiya. In babu kwali, juya katin maganin, rubutun yana baya, a kan takardar nan mai ƙyalli. Ɗora yatsa a kan ƙaramin sunan. Buɗe littafinka. Gwada harafi da harafi. In ya yi daidai da ɗaya daga cikin huɗun nan, ajiye shi, kada ka sha.

Mu sake. Ba babban suna ba, ƙaramin. Yatsa a kai, littafi a buɗe, harafi da harafi.

Na ga yadda ake yi a aji. Sai in miƙa kwali, a kalli launinsa a ce, "Malam, ai na san wannan, ja da fari ne, na ciwon baya." Launi ba suna ba ne. Kamfani goma na iya zuba magani ɗaya a kwali kala goma, kamfani ɗaya kuma na iya zuba magani biyu a kwali masu kama da juna. Wani kwalin ma sunaye biyu ne a ƙaramin rubutun: PARACETAMOL a farko, sannan IBUPROFEN a bayansa. Mutum ya karanta na farko ya ji daɗi ya tsaya. Kada ka tsaya. Karanta layin har ƙarshe.

Akwai wani dattijo tela da ya yi aji da mu, mai natsuwa, ya fi kowa kyan rubutu. Ana gab da sallah ɗinki ya yi masa yawa, baya ya riƙe. Ya aiki jikansa kemis, aka ƙullo masa haɗi a farar leda, ƙwayoyi biyar kala-kala, babu kwali babu suna. Kullum dare sai ya watsa ƙulli ɗaya ya hau keke. Bayan sallah na je duba shi, na tarar takalminsa na aji a bakin ƙofa, ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga. Ya miƙo mini littafinsa, lambobin a jere da kyakkyawan rubutunsa, ta ƙarshe ta yi ƙasa warwas. Ya ce, "Malam, da na ga suna ai da na karanta." Tun daga ranar na ƙara doka: maganin da ba shi da suna, ba a shan sa. Haɗin kemis, ƙullin mai talla, jiƙon kwalba na maganin basir ko na sanyi, garin da ake sha da kunu, duk hukuncinsu ɗaya. Allura ma haka. Akwai wadda ake kira GENTAMICIN, tana cutar ƙoda, kada ka miƙa jikinka a yi maka allura a shago ba ka ce, "Ina da ciwon ƙoda" ba.

To ciwo fa, a zauna da shi? A'a. PARACETAMOL shi kaɗai, wanda babu wani suna a gefensa, shi likitoci suka fi ba mai ciwon ƙoda. Mai lamba 500, ƙwaya 2 a lokaci ɗaya, kada a wuce 6 a yini da kwana sai da izinin likita. In ciwon ya ƙi tafiya, asibiti.

Haba 'yan uwa, makon jiya ma na gwada ku, mutum nawa ne suka juya kati? Har yanzu ana kallon launi! Ni ba zan bi ku kemis ba. Ƙaramin suna, yatsa a kai, littafi a buɗe, har ƙarshen layi. Wanda idonsa bai gani, ya sa ɗansa ko jikarsa. Ba abin kunya ba ne, kuma wanda ya yi sau goma ya iya ke nan.

Darasi na 3: Hawan jini

Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu cinye ƙoda. Na'urar awo tana nuna lamba biyu, babba a sama, ƙarama a ƙasa. Rubuta ta sama, ka ja sanda, ka rubuta ta ƙasa, kamar haka: 130/80. Yawanci ƙasa da wannan ake so, amma tambayi likitanka taka. Zauna ka huta minti 5 kafin a auna, ba ka shigo daga rana a ɗaura maka ba.

Maganin hawan jini kullum ake sha, ko kai yana ciwo ko ba ya yi. "Na ji sauƙi na daina" ita ce maganar da ta fi ɓata mini rai. Ajiye shi inda kake ajiye carbi, ka sha bayan sallar asuba. Wasu daga cikinsu, kamar LISINOPRIL da LOSARTAN, suna kare ƙodar ma kanta, amma in an fara su ana son gwajin jini cikin mako 2 zuwa 4, kada ka ƙi komawa. In amai da gudawa suka kama ka, nemi likita a ranar, domin akan dakatar da su har jiki ya dawo. Mai ciki ba ta shan su. Su ma ka karanta ƙaramin sunan duk lokacin da aka sayo sabo.

Darasi na 4: Tukunya

Gishirin yini duka kada ya kai cokalin shayi ɗaya a shafe, wato giram 5. Dunƙulen miya yawancinsa gishiri ne, a lissafa da shi. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, a rage ta a wake da miyar kuka, kunun kanwa kuma a haƙura. Yajin tsire da kilishi ma haka. Uwargida ta ɗebi miyar mara lafiya kafin ta zuba gishiri, ta gyara da albasa, tafarnuwa da citta. Nama kaɗan, amma ba a hana abinci ba, yunwa ma illa ce. In gwaji ya nuna sinadarin fotashiyam ya hau, likita zai ce a rage ayaba, dabino, lemon zaƙi, dankali da tumatir. Kada ka hana kanka kafin ya faɗa.

Darasi na 5: Suga, ruwa da azumi

Mai shan maganin suga METFORMIN, in lambarka ta eGFR ta sauka ƙasa da 30 ana daina shi, ka nuna wa likita. Ka kuma tambaye shi ko DAPAGLIFLOZIN ya dace da kai, yana rage wa ciwon gudu. Ruwa gwargwadon yadda aka ce maka, mai kumburi akan rage masa. A guji aiki a tsakar rana. Maganar azumi a yi ta da likita tun cikin Sha'aban. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara.

Darasi na 6: Sauran

A daina taba. A daina man bilicin. Kada a tsallake ranar asibiti. Numfashi ya yi wuya, ko fitsari ya ɗauke, ko amai ya ƙi tsayawa, a tafi a ranar.

Aikin gida: kowa ya zo da kwalayen maganin da ke ɗakinsa, duka, har wanda ke ƙarƙashin katifa, da littafinsa.