Matakan Buga 'Yan Mutum-mutumin Wasan Tebur da Rezin

Kafin ka kunna injin buga 3D, wanda ke daskarar da rezin (wani ruwan roba) da haske shimfiɗa bayan shimfiɗa, sama masa wurin da iska ke ratsawa, ban da ɗakin kwana. Ɗanyen rezin yana da wari, yana kuma iya jawo ƙaiƙayi da kumburin fata, saboda haka safar hannu ta naitiril da tabarau dole ne.

Fara da daidaita faranti, wato ƙarfen da mutum-mutumin zai manne a jikinsa yayin bugawa. Sassauta sukurorinsa, shimfiɗa takarda ɗaya a kan gilashin da haske ke fitowa ta cikinsa, sauke farantin ya danne ta, sannan ka ɗaure. In ka ja takardar ka ji tana ɗan turjewa, ya yi.

Sai ka buɗe fayil ɗin STL (mai ɗauke da siffar mutum-mutumin) a manhajar Chitubox ko Lychee, masu shirya shi don bugawa, kuma a nan aikin yake. Kada ka tsayar da mutum-mutumin a miƙe. Kwantar da shi baya kamar digiri 30 zuwa 45, don 'yan tokare (siraran sandunan da ake sa masa a manhajar) su riƙe bayansa su bar fuskar lafiya. Duba tsinin takobi, haɓa da gwiwar hannu da kyau: duk gaɓar da ta fara a iska ba tokare, a gindin kwanon rezin za ta maƙale. Kaurin shimfiɗa milimita 0.05 ya ishi mai koyo. Daƙiƙun hasken da ke daskarar da kowace shimfiɗa kuwa, bi abin da masu rezin ɗin suka rubuta.

Girgiza kwalbar rezin, zuba a kwanon ba tare da wuce layin da ke jikinsa ba, rufe murfi, ka fara bugawa.

In injin ya kammala, wanke mutum-mutumin a alkohol na IPA (isopropyl), ɓalle tokaren tun yana da taushi, bar shi ya bushe sarai, sannan ka gasa shi da hasken UV (ultraviolet) don ya ƙarasa yin tauri. In da danshi ka gasa, fari-fari zai fito masa.

Alkohol ɗin da ya yi datti kada ka zuba a kwata. Ajiye shi a rana har rezin ɗin ciki ya daskare kafin ka zubar.