Darasi na 9: Shirin Fita Farauta

Idan an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, ciyawa ta fara bushewa, sai hankalin mafarauci ya koma dawa. To amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jingine bindigarsa tun farkon damina, bai waiwaye ta ba sai da ya ji kiɗan gangi, ya jawo wa kansa haɗari, ya jawo wa na kusa da shi.

Fara da adaka, wato bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki. Danshin damina yakan sa mata tsatsa ta ciki, inda ido ba ya gani. Ka kai ta wurin maƙeri ya duba bututun da kunamar. Albarushin bara da ya sha sanyi kada ka yi aiki da shi. Sannan ka yi wannan: lokacin da bindigar ba ta da komai a ciki, ka zura sandar ɗuri har ƙasa, ka yi wa sandar tsaga daidai bakin bindiga. Daga ranar, duk sanda za ka ɗura, zura sandar tukuna. In tsagar ta tsaya a sama, akwai ɗuri a ciki. A garinmu akwai wani dattijo mai yatsa uku a hannun hagu. Ya manta ya ɗura da yamma, ya sake ɗurawa da asuba, bututun ya fashe a hannunsa. Har yau idan yaro ya ɗauki bindiga a gabansa, hannun yake nuna masa.

Mai baka shi ma ya sake tsirkiya, ya ware kiban da suka lanƙwashe.

Hannu yana mantuwa. Ka samu wuri bayan gari inda akwai tudu ko suri, ka kafa tsohuwar ƙwarya a gabansa, don abin da ya wuce ƙwaryar ya shige ƙasa. Fara daga taku 20, sannan 30, sannan 40. Inda ka fara kuskure, nan ne iyakarka, kuma a dawa kada ka harbi abin da ya fi nan nisa. Ɓaunar da aka yi wa rauni ba ta mutu ba takan juyo kan mai harbi, gwanki kuwa ya tafi da ciwo ya mutu a banza.

Abin da ya fi saiti wuya shi ne kusantar dabba, kuma a nan ake gane gwani. Naman daji da hanci yake tsaron kansa. Ɗebi toka kaɗan a aljihu, ka riƙa saki kana duban inda ta nufa. Dole iska ta taso daga wajen dabbar ta bugi fuskarka. Da hunturu iska takan zo daga arewa maso gabas, saboda haka sau da yawa ta kudu maso yamma za ka ɓullo. Tsofaffin maharba sukan ɗaura kan burtu a goshi, su yi rarrafe suna kaɗa shi kamar tsuntsu na kiwo, har su isa kusa da barewa. Wannan rarrafe yana cin gwiwa da baya. Gwada shi a gonar da aka girbe, da sassafe, ka ga ko za ka iya kusantar awakin da ke kiwo ba su ɗaga kai ba.

Ranar fita kuwa, motsin ciyawa ba dabba ba ne. Yana iya zama abokin tafiyarka, ko yaro mai kiwo, ko mace mai neman itace. Sai ka ga kai da jiki sarai kafin yatsa ya taɓa kunama.

Karnuka a kai su asibitin dabbobi a yi musu allurar ciwon hauka. Ka nemi takalmi mai rufe idon sawu saboda kububuwa. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a garzaya da shi asibiti.

Sai maganar doka. An hana farauta a Yankari ta jihar Bauci, wadda aka keɓe tun 1956, haka Kamuku da Gashaka-Gumti, da gandun W a Nijar. Giwa da zaki da raƙumin dawa ba na harbi ba ne, sun kusa ƙarewa a ƙasarmu. Macen dabba mai ciki ko mai shayarwa a bar ta ta wuce. Ka riƙe lasisin bindiga da katin ƙungiyar mafarauta da katin ɗan ƙasa, kuma Sarkin Baka ya sanar da mai gari da 'yan sanda kafin ayari ya tashi. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano, bayan an ga bindigoginsu an ɗauke su masu garkuwa da mutane. Allah ya jiƙansu.

Aiki

Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, ka rubuta kowace sau uku: adaka, tsirkiya, burtu, ɓauna, lasisi.

Me ya sa ake yi wa sandar ɗuri tsaga?

Rubuta sunanka, da sunan garinku, da lambar wayar wani ɗan'uwanka a ƙaramar takarda. Nuna wa malami ya gyara, sannan ka naɗe ta a leda ka sa a jakar farautarka.